Tambayi Kawu: Zagori, ƙauyukan dutse na Girka, da Hajiya mai ciwon gwiwa

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Shekara huɗu ke nan ina aikin jinya a Turai, bana Allah ya nufa Hajiyata za ta kawo mini ziyara. Na yi mata alkawarin kai ta inda babu hayaniya. Na ga hotunan ƙauyukan Zagori na ƙasar Girka, gidajen dutse a kan tsauni, raina ya biya. Kwana biyar gare mu, kuma na zauna da taswira na fitar da ƙauyuka 11 da nake so mu gani. Damuwata ita ce Hajiya ta haura sittin, gwiwarta ta dama kuma tana matsa mata. An ce ka taɓa zuwa. Zai yiwu kuwa? Ɗanka, mai karatu daga Turai.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka. Zai yiwu. Amma ɗauko takardar nan taka mai ƙauyuka 11, ka zaɓi ɗaya da za ku kwana a ciki dare uku, ka ƙara biyu da za ku leƙa, sauran ka soke su.

Ni ma irin lissafinka na yi lokacin da muka je da uwargida a wani watan Oktoba. Zagori na arewa maso yammacin Girka ne, a yankin Epirus, dab da iyakar Albaniya, cikin tsaunukan Pindos. Ƙauyuka 46 ne, sunan kuma daga harshen Slabawa ya fito, ma'anarsa bayan dutse. A kan taswira za ka ga tsakanin wannan ƙauye da wancan bai wuce faɗin yatsa ba. In ka hau hanya sai ka tarar akwai kwazazzabo a tsakani, dole a gangara har ƙasa, a haye ruwa, a sake hawa, kwana bayan kwana. Ranar farko ƙauye huɗu muka zaga. Kafin la'asar jiri ya kama uwargida, ta kwanta ba ta ci abincin dare ba, ni kuwa da na zauna ina tuna abin da muka gani, ban samu komai ba sai wuraren ajiye mota. Matar da ta fi ta shekaru, ga ciwon gwiwa, ba zan so a yi mata haka ba.

Ƙofar shiga yankin ita ce birnin Yanina. Daga Atens jirgin sama kamar awa ɗaya ne, a mota kuwa awa huɗu zuwa biyar, ta kan babbar gadar Rio. A Yanina ka yi hayar mota, domin bas ɗin KTEL da ke shiga ƙauyukan kaɗan ne, wasu ma ba kullum ba. A nan za ka cika tanki, ka ciri kuɗi a hannu, ka sayi duk maganin da Hajiya ke buƙata. Ku kwana ɗaya a garin, ta huce gajiya a bakin tafki. Cikin ganuwar tsohon gari akwai masallatai biyu na zamanin Turkawa: na Aslan Pasha da aka gina a 1618, da na Fethiye, wanda kabarin Ali Pasha, wani gwamna da ya mulki yankin a wancan zamani, ke gefensa. Ka sanar da ita tun a hanya cewa yanzu wuraren tarihi ne, ba a salla a cikinsu, kada ta hango hasumiya ta ɗaura alwala sannan ranta ya sosu. Garin ya fita daga hannun Turkawa a 1913, yawancin Musulminsa kuma sun tashi a musayar jama'a da aka ƙulla tsakanin Girka da Turkiyya a 1923.

Daga Yanina zuwa Vitsa ko Monodendri ba a cika awa ɗaya ba. A Vitsa muka sauka, kuma nan zan ba ka shawara, ko Monodendri da ke sama da ita kaɗan. Kafin ka biya kuɗin masauki, ka buga waya ka yi tambaya biyu da ba za ka samu amsarsu a hoto ba: taku nawa ne daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofar gida, kuma akwai ɗaki a ƙasa? Lungunan ƙauyukan nan an shimfiɗa su ne da duwatsu a tsaye, suna kiransu kalderimi. Don ƙafar alfadari aka yi su. Akwati mai taya ba ya tafiya a kai, in kuma aka yi yayyafi santsi gare su. Ka saya wa Hajiya takalmi rufaffe mai gindin roba, da sanda mai kyau, ka kuma ba ta hannunka a gangara, don gangara ce ke cin gwiwa fiye da hawa.

Yanzu bari in gaya maka dalilin da ya sa na ce ku zauna wuri ɗaya.

Kowane ƙauye a can yana da dandali a tsakiya. A dandalin akwai wata ƙatuwar bishiya da suke kira platanos, wadda mutum uku ba sa iya rungume gindinta, ga coci, ga famfon dutse, ga shagon shan gahawa da suke kira kafenio. Bango dutse, daɓe dutse, rufin gidajen ma falalen dutse ne aka jera kamar ɓawon kifi, har in ka hango ƙauyen daga nesa da ƙyar za ka raba shi da tsaunin da yake kai. Kashegarin wahalar da muka sha, uwargida ta ce ba inda za ta, sai muka zauna a gindin bishiyar tun hantsi. Akwai dattawa uku a teburin gefe, kowa da ɗan abu a hannu mai kama da carbi, suna kaɗa shi yana ƙas-ƙas. Komboloi sunansa, ba na ibada ba ne, na ɗebe kewa ne. Ɗayansu ya ga carbin uwargida, sai ya ɗaga nasa sama ya yi murmushi. Daga nan aka fara.

Can sai ga wata tsohuwa sanye da baƙaƙen kaya, ta ɗaura ɗankwali har ƙasan haɓa. Ta tsaya ta dube mu da kyau, ta koma gida, ta dawo da ɗan faranti biyu: 'ya'yan itace da aka dafa cikin sukari, cokali ɗaya-ɗaya, da kofin ruwan sanyi. Wannan ita ce tarbar baƙo a wurinsu. Ta zauna kusa da uwargida. Babu mai jin harshen wata. Ta nuna ƙirjinta, ta auna tsawon yaro da hannu, ta ɗaga yatsu uku. Sannan ta riƙa kama yatsun ɗaya bayan ɗaya tana faɗin inda kowa yake. Jamus na gane, Ostiraliya na gane, na ukun Atens. Ta juya ta nuna gidajen da ke bayanmu, tagogi a rufe da katako, ƙofofi da kwaɗo, ta juya tafin hannunta sama. Uwargida ta riƙe mata hannu, suka yi shiru tare, har gahawata ta huce.

Abin da tsohuwar nan ta nuna mana da yatsu shi ne tarihin wurin gaba ɗaya. Ƙasar Zagori dutse ce, ba ta ciyar da mutanenta. Tun wajen 1430 suka yi yarjejeniya da daular Usmaniyya ta Turkawa: su biya haraji, a bar su su riƙe harkokinsu da kansu, haka kuwa aka yi har 1868. Da wannan sarari mazansu suka bazama ci-rani, Santambul, ƙasar Romaniya ta yau, Rasha. Mutum zai yi aure ya tafi, ya yi shekaru bai dawo ba, sai dai saƙo. Mata su ne da gona, su ne da itace, su ne da tsofaffi da yara. Wanda ya samu a can kuma, abin alfaharinsa shi ne ya aiko a gina wa garinsu makaranta, ko famfo, ko gada. Wasu 'yan'uwa biyu na Monodendri, Manthos da Georgios Rizaris, a Rasha suka yi arziki, da dukiyarsu aka buɗe makarantar Rizarios a Atens a 1844, sunansu kuma na nan a kan makarantar sana'ar hannu ta ƙauyensu. Suna da kalma guda ta zaman baƙunta a ƙasar wasu, ksenitia, kuma waƙoƙin yankin cike suke da ita. Da wani abin busa ake raka su, klarino, muryarsa tsakanin algaita da sarewa, in ana busa shi a hankali sai ka rantse kuka ake yi. Yau duk yankin mazaunansa ba su kai 4,000 ba, da hunturu wani ƙauyen 'yan tsofaffi ne kawai ke kunna wuta.

Ɗana, Hajiya shekara huɗu tana ƙirga watanni. In Allah ya haɗa ta da irin wannan tsohuwa a gindin bishiya, za su fahimci juna fiye da yadda kai da ni za mu fahimta, kuma ba ta buƙatar tafinta. Irin wannan haɗuwa ba ta samuwa ga wanda ya tsaya minti ashirin injin mota na kunne. Sai an gan ka jiya, an sake ganinka yau.

Abin gani kuwa, akwai wanda gwiwarta za ta ɗauka. Gadojin dutse su ne kan gaba. Gadar Kokoros, ta 1750, a bakin titi take, baka ɗaya tsakanin duwatsu biyu, daga mota taku kaɗan ne. Gaba kaɗan kusa da ƙauyen Kipi akwai Kalogeriko mai baka uku, ta 1814, wadda in ka hango ta daga sama kamar tana rarrafe. Yawancin gadojin sunan wanda ya biya kuɗin gini ko gyara suke ɗauke da shi, maginan kuma ƙungiya-ƙungiya suke zuwa daga ƙauyukan wajen garin Konitsa. Kada ka bar ta ta hau ƙoƙuwar gadar, gefen gajere ne. Ta tsaya a ƙasa, daga nan ma aka fi ganin aikin. Daga dandalin Monodendri kuma akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya, tafiyar kamar minti goma sha biyar ga mai lafiya, zuwa gidan ibadar Agia Paraskevi na farkon ƙarni na 15, wanda ke maƙale a bakin kwazazzabon Vikos. A wasu wuraren zurfin kwazazzabon ya kai mita 900. Na leƙa sau ɗaya na ga tsuntsaye na shawagi a ƙarƙashina, na ja da baya ina tasbihi. Ku tafi a hankali, ku huta sau biyu a hanya.

Matakalar Vradeto, mai hawa sama da 1,000, wadda ita ce hanyar shiga ƙauyen har shekarun 1970 da titi ya isa, ba ta Hajiya ba ce. Ku hango ta daga ɓangaren Kapesovo ya isa. Papingo na da kyau ƙwarai, a gindin wasu duwatsu masu kama da hasumiyoyi, sai dai hanyarta daga Aristi kwana ce a kan kwana. In a ranar Hajiya ta tashi da ƙarfi ku je, ku tsaya a gadar kogin Voidomatis ta ga ruwan da ake ƙirga tsakuwar ƙasansa. In ba ta tashi da ƙarfi ba, ku bari.

Sai ladabin wuri. Baƙo ne ke fara gaisuwa: kalimera da safe, kalispera da yamma, efharisto in an yi maka alheri. In suka ce "ne", i suke nufi. A'a kuwa ohi ne, wani lokaci ma ba za a furta ba, sai a ɗaga gira da haɓa sama. Abu ɗaya da za ka ja wa Hajiya kunne a kai: buɗe tafin hannu da ware yatsu biyar a fuskar mutum zagi ne a can, daidai da daƙuwa, sunansa mutza. In za ta ce biyar, ko ta tsayar da mota, ta juya bayan hannun waje. Daga wajen ƙarfe uku zuwa biyar da rabi na yamma lokacin hutu ne, ba a ɗaga murya, ba a ƙwanƙwasa ƙofa. Kada ka ɗauki tsoho hoto sai ka nuna masa wayar ya gyaɗa kai.

Lokaci mafi daɗi shi ne Mayu da Yuni, ko Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Ƙauyukan sun kai mita 1,000 a sama, dare akwai sanyi ko da bazara, ka tanadar mata rigar sanyi da safa. Da hunturu dusar ƙanƙara na rufe hanya. Tsakiyar Agusta, musamman ranar 15, 'yan ci-rani ke dawowa bikin gari, masauki na wuya, kiɗa har asuba. Tun da UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2023 ma, gara a kama ɗaki da wuri. Batun takarda: in ƙasar da kake cikin yankin Shengen take, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shiga dukkansu, bizar da Hajiya ta shigo da ita ta isa Girka. In Ingila kake ko Ayalan, sai an nemi ta Shengen daban, kuɗinta yuro 90, da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani na aƙalla yuro 30,000. Ka gaishe mini da ita da kyau.

Tambaya: Kawu, ni da maigidana muna shirin zuwa irin waɗannan ƙauyuka. Tsorona abinci da salla. Kuma ina sa hijabi, yaya za su ɗauke ni? 'Yarka.

Amsa: 'Yata, kallo dai za a kalle ki, ba zan ɓoye miki ba. Baƙar fata ba ta yawaita a tsaunukan nan ba. Abin da muka gani mu, kallo ne na son sani, kuma da an yi gaisuwa yake narkewa. Lulluɓi ba baƙon abu ba ne a idonsu, tsofaffin matansu na ɗaura ɗankwali, a gidajen ibadarsu ma ana son mace ta rufe kafaɗa da gwiwa. Ke kin riga kin shirya.

Abinci sai an kula, don naman alade ya yi yawa a girkin Girkawa. Ki riƙe sunansa, hirino. Tsiren da suke kira suvlaki da naman da ake yankowa daga sanda, giros, yawanci shi ne, haka tsiran-alade na ƙauye. Wasu miyar nama kuma da giya ake dafa su. Amma Epirus ƙasar fanke ce mai ciki, pita, kuma a nan za ki huta. Akwai alevropita, ƙullun fulawa da cukun feta da ake gasawa siriri a babban faranti har gefensa ya yi ƙus-ƙus. Akwai hortopita mai ganyen daji. Akwai gigantes, wake manya-manya da ake gasawa da tumatir da man zaitun, da miyar wake fasolada, da kifin kogi pestrofa, da kindirmo mai kauri da zuma. Mu a kan waɗannan muka tsaya kwana huɗu, ba mu ji mun rasa komai ba. Ga kalma mai amfani: nistisimo, wato abincin azuminsu na coci, wanda babu nama a ciki. Kowace mai girki ta san ta. Sai ki ƙara tambaya ko an sa giya, krasi.

Za a iya kawo muku ɗan kofi na wani abu fari kamar ruwa kyauta bayan abinci. Barasa ce mai ƙarfi, tsipuro. Maigida ya ɗora hannu a ƙirji ya ce efharisto, ya nemi shayin dutse a madadinta, tsai tu vunu. Ganye ne da ake tsinkowa a tsaunin, kuma za su ji daɗi an nemi nasu. Ƙin karɓar komai ɗungurungum ne ke yi musu ciwo.

Masallaci babu a ƙauyukan, a ɗaki za ku yi salla. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, kada sabo ya sa ku fuskanci gabas sak. Ki sa ƙaramar buta da dadduma a jaka. Ruwan famfo da asuba kamar ƙanƙara yake, ki tambayi mai gida yadda ake kunna na zafi tun da dare. Takardar banɗaki kuma a kwandon gefe ake jefa ta, bututunsu sirara ne.

Tambaya: Kawu, ni saurayi ne mai ƙarfi, ina so in ratsa kwazazzabon Vikos da ƙafa ni kaɗai. Ɗalibi.

Amsa: Ƙarfi na da amfani, amma kada ka tafi kai kaɗai. Daga Monodendri zuwa ƙauyen Vikos tafiyar kamar awa shida ce, farkonta gangara mai tsanani, ƙarshenta hawa lokacin da ƙafa ta riga ta mutu, a ƙasan kuma waya ba ta cika samun layi ba. In ka gurɗe a tsakiya, sai wanda Allah ya jefo. Ka samu abokin tafiya ko ɗan jagora, ku fita da sassafe, da ruwa isasshe, don da bazara yawancin rafin a bushe yake sai kusa da ƙarshe, inda idon Voidomatis ke ɓuɓɓugowa. In an yi ruwan sama mai yawa, ka fasa. Ka shirya motar da za ta ɗauke ku a ɗaya bakin tun kafin ku shiga. Lambar gaggawa 112 ce.

In tafkin Drakolimni kake hari, wanda ke sama da mita 2,000, daga Mikro Papingo ake hawa, kuma gara ka kwana a masaukin masu hawa dutse na Astraka. A can sama za ka haɗu da garken tumaki, da karnukan da ke gadinsu, manya ne kuma aikinsu suke yi da gaske. Kada ka ratsa tsakiyar garke, kada ka ruga. Ka tsaya, sandarka a ƙasa, ka kira makiyayin da ƙarfi, ka jira ya zo ko ka zagaye su daga nesa. Kafin ka fita kuma, ka gaya wa mai masaukinka hanyar da za ka bi da lokacin da zai sa ran dawowarka.